Sassabe Da Raya Ƙasa A Ma'aunin Shari'a

 

Akwai wani babi a cikin littattafan fiƙihu wanda almajirai sukan wuce shi da sauri, domin ba ya cikin babobin tsarki da salla da aure da gado, waɗanda aka fi damun malamai da tambaya a kansu. Shi ne babin ihya'ul mawati, watau raya matacciyar ƙasa. Tushensa hadisi ne wanda Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa, ma'anarsa kuwa ita ce, duk wanda ya raya ƙasar da take mace, wadda ba ta da mai ita, to ta zama tasa. Malamai suka zauna suka ƙididdige ayyukan da in mutum ya yi ɗaya daga cikinsu za a ce ya raya ƙasa. Shaihu Halil a cikin Muhtasar ya lissafa fito da ruwa a inda babu, da janye shi daga inda ya mamaye, da gini, da dasa itace, da noma, da sare itatuwan wurin, da fasa duwatsunsa a daidaita shi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ma ya keɓe wa wannan mas'ala littafi guda, mai suna Ta'alimur Radi, domin ya san jama'ar da yake yi wa hukunci manoma ne da makiyaya.

To, mai karatu ya lura da abubuwa biyu da suke zaune kafaɗa da kafaɗa a cikin wannan lissafi: dasa itace raya ƙasa ne, sare itace ma raya ƙasa ne. Yaya aiki da kishiyarsa za su ɗauki suna ɗaya? Kuma a wannan zamani da iska take kwashe fuskar gona ta zuba a bayan ɗakuna, shin mutumin da ya ɗauki gatari ya share gonarsa tas, bai bar ko ƙirare ba, yana nan da sunan mai raya ƙasa, ko kuwa sunan ya tashi daga kansa ya koma kan wanda ya bar itacen? Tambayar ba ta wasan baki ba ce irin ta zauren karatu, gama abincin miliyoyin mutane ya rataya a kan amsarta, kuma an riga an jarraba ta a fili a ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar.

Ga yadda abin ya faru. Tun zamanin Faransa aka riƙa faɗaɗa noman gyaɗa a wannan yanki, jama'a kuma suna ƙaruwa, dajin da ake barin gona ta huta a cikinsa yana raguwa. Malaman gona suka koya wa mutane cewa gonar kirki ita ce wadda aka share sarai, aka tumɓuke kututturanta domin garmar shanu ta wuce ba tare da tuntuɓe ba. Manomi kuwa da ma yana ƙin itace a gona saboda inuwa da tsuntsaye. Aka wayi gari mutumin da aka ga sabara da kalgo a gonarsa shi ne rago a idon maƙwabta. Sa'an nan fari ya zo, wanda ya yi tsanani a 1973, wani kuma ya biyo baya a 1984. Ƙasa ta tsiraita. Manomi yakan shuka gero, iska ta taso da rairayi ta binne shukar ko ta yanke ta, ya sake shukawa har sau uku ko huɗu kafin damina ta zauna. Mata suka koma girki da kara da kashin shanu, alhali kuwa waɗannan su ne ya kamata su ruɓe a gona su zama taki. Gwamnati da ƙungiyoyin agaji suka kashe dukiya mai yawa wajen renon dashe da raba shi, amma mafi yawan abin da aka dasa bai kai shekara ba, ko rana ta ƙone shi, ko gara ta ci, ko awaki su yi kalaci da shi.

Daga cikin masu wannan wahala akwai wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda yake aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi. Wata rana a cikin 1983, yana ɗauke da dashe zuwa ƙauye, ya tsaya domin ya rage iskar tayar motarsa saboda rairayi, sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan tsiro na bakin hanya, irin wanda kowa yake ɗauka ciyawa ce. Da ya duba ganyen sai ya gane toho ne na itacen da aka sare tun da daɗewa. Kututturen yana ƙarƙashin ƙasa da ransa, saiwoyinsa sun nutsa har inda danshi yake, kowace shekara yana fito da toho, kowace bazara kuma mai gona yana bi da adda yana fille shi yana cinna masa wuta. Ashe dajin bai mutu ba, danne shi aka yi. Abin da ake bukata kawai shi ne a zaɓi toho mafi ƙarfi daga kowane kututture, ɗaya ko uku har zuwa biyar, a cire sauran, a rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi, a kiyaye shi daga dabba da wuta. Da yake saiwar ta riga ta girma, sai tohon ya yi saurin da dashe ba ya iya yi. Wannan shi ne abin da mutanen wurin suka sa wa suna sassaben zamani.

Manoma kamar goma ne suka fara, ana yi musu dariya, ana bi da dare ana sace musu itacen. Da yunwar 1984 ta zo sai aka haɗa aikin da rabon abinci: wanda ya bar itace a gonarsa ya sami hatsi. Ta haka aka bar itatuwa kimanin 500,000 a ƙauyuka kusan 100. Da aka daina rabon abinci, sai aka sare wajen kashi biyu cikin uku nasu. Wannan kaɗai darasi ne ga masu wa'azi da masu mulki, cewa aikin da aka yi domin kwanon hatsi yakan tsaya ranar da kwanon ya ƙare. Amma kashi ɗayan da ya rage shi ya yi wa'azin da baki bai iya ba, gama waɗanda suka bar nasu sun ga iska ta rage ɓarna, sun sami itacen girki da na sayarwa da ganyen dabbobi, geronsu kuma bai ragu ba. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya, ƙauye ya koya daga ƙauye. Bayan shekara ashirin, masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka gwada hotunan da aka ɗauka daga sama a 1975 da na wajejen 2005, suka ƙiyasta cewa gonaki kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar sun sake samun itatuwa, kimanin itace miliyan 200, suka kuma ƙiyasta ƙarin hatsi na wajen tan 500,000 a shekara. Gaskiya ne ruwan sama ya ɗan gyaru bayan shekarun fari, amma ruwa ba ya hana adda. In da an ci gaba da fille tohon kowace bazara, da ruwan ya zuba a kan fako.

Wani zai ce, yaya Musulmi zai ɗauki darasin gona daga hannun ɗan mishan? Wannan ba ya bukatar doguwar magana. Ramin da aka haƙa aka kare Madina da shi dabarar Farisa ce, wadda Salmanu ya kawo, kuma a ƙissar barbarar dabino Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya mayar da sanin irin waɗannan al'amura na duniya ga ma'abotansu. Ban da haka ma, dabarar ba baƙuwa ba ce. Manoman Magarya da Matamaye da Mirya a ƙasar Damagaram sun cika gonakinsu da gawo ba tare da wani ya raba musu abinci ba, domin kakanninsu sun san gawo yana zubar da ganye da damina, ba ya tare wa shuka rana, yana kuma ƙara wa ƙasar gindinsa ƙarfi, da rani kuwa 'ya'yansa abincin dabba ne. Ana ma ba da labarin cewa sarakunan Damagaram na da sun sa hukunci mai tsanani a kan mai sare gawo.

Sai a koma ga tambaya. Malaman da suka sa sare itace a cikin ayyukan raya ƙasa ba su yi kuskure ba, kuma ba ƙiyayyar itace ta sa su ba. Abin da suke dubawa shi ne manufar hukuncin, watau a fitar da ƙasa daga halin da ba ta amfanar kowa zuwa halin da take ciyar da mutane. A cikin kurmi, inda ƙaya da sarƙaƙiya suka hana shuka, gatari shi ne yake yin wannan aiki. A fadamar da ruwa ya shanye, janye ruwan ne rayawa, alhali a tudu kawo ruwan ne rayawa, kuma duka biyun suna cikin lissafin nan guda. Ashe ke nan lissafin ba na ayyuka masu lada a kan kansu ba ne, misalai ne na kawar da abin da ya kashe wuri. To idan ya tabbata, ta hanyar gani da ido shekara bayan shekara, cewa abin da yake kashe gona a bakin hamada shi ne tsiraici, lalle mai barin toho shi ne ya gaji sunan mai rayawa, mai fille shi kuwa yana aikin da ya yi kama da na kakanninsa a sura, ya saɓa masa a ma'ana. Kakan ya yi sassabe ne a lokacin da daji ya fi gona yawa, yana noma wuri 'yan shekaru ya bar shi ya huta, daji ya mayar da abin da aka ɗauka. Jikan yana yin sassabe a wuri guda har abada, babu hutu, babu mayarwa. Riƙo da aikin magabata bayan dalilinsa ya gushe ba biyayya ba ce gare su.

Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratu Hudu, ya kawo Annabi Salihu yana tuna wa mutanensa cewa Allah ne Ya fitar da su daga ƙasa, Ya kuma ɗora musu raya ta. Malaman tafsiri da yawa sun fahimci umurni a cikin wannan, ba labari kaɗai ba. A cikin Suratur Rumu kuma an danganta ɓarnar da ta bayyana a tudu da teku ga abin da hannayen mutane suka aikata. Saboda haka mai cewa fari ƙaddara ce ya faɗi gaskiya, amma bai ƙare magana ba. Sa'ad da Sayyidina Umar ya juya daga hanyar Sham saboda annoba, aka ce masa ko gudun ƙaddara yake yi, misalin da ya bayar na makiyayi ne: mutum ya sauka da raƙumansa a kwari mai gefe biyu, ɗaya kore ɗaya busasshe, duk wanda ya kora su gare shi da ƙaddarar Allah ya kora. Kututturen da yake toho a gona shi ma ƙaddara ne, kuma arziki ne da aka ajiye wa mai gonar a ƙarƙashin ƙafarsa.

Sai dai akwai wani gefe na maganar wanda ya fi wannan nauyi, domin bai kamata a ɗora wa talaka laifin duka ba. Me ya sa mutum mai hankali zai fille itacen da zai amfane shi? Domin itacen ba nasa ba ne. Dokar gandun daji da Faransa ta kafa a 1935, da wadda Nijar ta yi a 1974 bayan samun mulkin kai, sun sa itatuwa masu daraja a ƙarƙashin ikon hukuma, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Wanda ya sare reshen gawon da ya tsiro a gonar ubansa ba da takarda ba, sai ma'aikacin gandun daji ya ci shi tara. Manomi ya yi lissafinsa: itacen da ya girma masifa ne, gara a kashe shi tun yana toho, tun ba a san da shi ba. Dokar da aka yi domin kare itace ita ta zama ajalinsa. Ita kuwa Shari'a ta bi ta wata hanya dabam, gama ta sa mallaka ta zama ladan rayawa. Ta san halin ɗan Adam, cewa ba ya jure wahalar shekara biyar a kan abin da wani zai zo ya ɗauka. Sayyidina Umar ya karɓe wani sashe na filin Aƙiƙ daga hannun Bilal ɗan Haris, ko da yake Annabi ne ya ba shi, domin ya kasa raya shi, ya raba wa masu iyawa. Haƙƙi yana bin aiki. Abin da ya sa sassaben zamani ya yaɗu a Nijar shi ne, ma'aikatan gandun daji sun sassauta, hannun hukuma kuma ya yi sanyi a karkara cikin shekarun 1980 da 1990, har manomi ya fara jin cewa itacen da ya rena nasa ne. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka matso da wannan haƙƙi, sa'an nan a watan Yuli na 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman a kan wannan irin reno na itace a gona. A karkarar Kano ma, inda jama'a suke da cunkoso ƙwarai, an daɗe ana ganin gonaki cike da ɗorawa da kuka da tsamiya, ba don komai ba sai don kowane itace yana da mai shi, ana cin amfaninsa, ana gadonsa.

To amma mallaka ita ma tana da nata haɗari, kuma a nan ne mas'alar take da wuya. Abu Dawuda ya ruwaito hadisin da yake nuna cewa mutane sun yi tarayya a cikin abu uku, ruwa da ciyawa da wuta. A al'adar ƙasar Hausa, da zarar an kwashe amfanin gona, fili ya zama na kowa: Bafillace ya shigo da shanunsa su ci kara su bar taki, matar da ba ta da gona ta tsinci itacen girki, mai magani ya ɗebi saiwa da sassaƙe. Idan yanzu kowane kalgo ya sami mai shi, ina makomar waɗannan? Shin ba za a raya ƙasa a kashe zumunci ba?

Malaman Malikiyya sun bambanta tsakanin abu biyu. Ciyawar da ta fito da kanta a filin da mai shi ya bari bai noma ba, ba shi da ikon hana ta, sai fa in shukarsa ta kewaye ta, shiga zai jawo ɓarna. Amma wurin da ya keɓe da gangan domin kiwon dabbobinsa, yana da ikon hanawa. Itacen da mutum ya zaɓa, ya gyara, ya yi gadinsa shekara da shekaru, ya fi kusa da na biyun, don haka gangar jikinsa da manyan rassansa na mai gona ne, wanda kuma ya sare kan ɗan itace mai shekara biyu domin akuyarsa ta ƙoshi yini ɗaya, ya yi cutar da Shari'a ta hana, ko shi wane ne. Abu Dawuda ya kawo gargaɗi mai tsanani a kan mai sare magarya, ya kuma fassara shi da cewa magaryar daji ce wadda matafiyi da dabba suke sha inuwarta, wani ya sare ta da wasa ba da haƙƙi ba. Sai dai mai gona shi ma ya tuna da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, cewa abin da mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga dashen Musulmi sadaka ne a gare shi. A wata ruwayar Muslim har abin da aka sata an lissafa. Wannan bai halatta wa ɓarawo sata ba, amma ya nuna cewa itace dukiya ce wadda ba a halicce ta domin a kulle ta a rumbu ba. Inuwarsa, da 'ya'yan da suka faɗo, da busasshen reshen da iska ta karya, mutumin kirki ba ya kai ƙara a kansu. Sa'ad da Sayyidina Umar ya keɓe makiyaya domin dabbobin baitulmali, ya umurci mai gadinta, Hunayyu, da ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, ya tsare garkunan Ibnu Aufin da Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da wurin komawa.

Mutanen Ɗan Saga, a yankin Agye na jihar Maraɗi, sun kai ga wani abu mai kama da wannan ta hanyar shawara. Da satar itace ta dame su, sai suka kafa kwamitin gari mai sa ido, suka sa mata a ciki, suka sa makiyaya, aka yarda da abin da za a iya ɗiba da abin da ba za a taɓa ba, da tarar wanda ya karya. Hikimar ita ce shigar da wanda ake tsoron ɓarnarsa cikin masu yin dokar, gama makiyayin da ya ga cewa yawan gawo yawan abincin shanunsa ne a tsakiyar rani ba ya bukatar mai gadi.

Saura mas'ala guda wadda har yanzu take hana itace tsayawa a gonaki da yawa, ita ce ta gonar aro da haya da jingina. Mai gona yakan hana wanda ya ara ya bar itace, don tsoron kada gobe ya ce itacen shaidar mallakarsa ce. Wanda ya ara kuma ba ya son ya rena abin da za a karɓe ranar da ya fara amfani. Mafi yawan masu noma a irin wannan hali kuwa matasa ne da baƙi da matan da mazansu suka rasu. Hadisin raya ƙasa da kansa ya ƙare da cewa saiwar azzalumi ba ta da haƙƙi, Imamu Malik kuma ya fassara ta da duk abin da aka haƙa ko aka dasa ba da haƙƙi ba, saboda haka barin itace a gonar aro ba ya mayar da gonar ta mai aro, tsoron mai gona ba shi da tushe a Shari'a. Abin da ya rage shi ne a fayyace rabon wahala. Tun kafin bazara, kafin a ɗauki adda, ya kamata su biyun su zauna gaban mai unguwa da limami da shaidu, a faɗi shekarun aron, a faɗi wanda zai ɗauki rassan da ake ragewa kowace shekara, da abin da za a ba mai aro a madadin itatuwan da zai bari tsaye ranar da gonar ta koma hannun mai ita, a kuma rubuta.